Wai Me Aka Ci A Kallon Tsuntsu?

Yau wata 'yar tambaya ce na zo mana da ita, wadda da farko za ki ce ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba, amma ki daure ki biyo ni a sannu. Tambayar kuwa ita ce, shin abin da mutum ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ba kuma zai ɗauka ya kai ɗakinsa ba, akwai wani amfani a tsayawa kallonsa?

Mu dai a wajenmu kallo ba shi da wata daraja. In aka ce wane ɗan kallo ne to an gama da shi, ba ya cikin masu abu. Yarinya in an aike ta ta daɗe, abin da za a fara tambayarta shi ne "kin tsaya kallo ko?" sai kuma dundu ya biyo baya. Wanda ya dawo daga tafiya kuwa jakarsa ake leƙawa, ina tsarabarmu, me ka zo mana da shi. Da wuya ki ji an fara da me ka gani.

To amma ga shi a duniyar nan akwai mutanen da suke tara kuɗi shekara guda cur, su hau jirgin sama su ƙetare teku, don kawai su zauna a cikin kwalekwale su kalli dabbobi. A ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka akwai wani tafki wai shi Sandobal, a tsakiyar ƙurmin Amazon inda ruwan sama ya yi wa ƙasa yawa. Baƙi sukan taka da ƙafa cikin dajin kusan awa guda, sannan su shiga jirgin da ake tuƙawa da hannu, a yi ta zagayawa da su suna kallon kadoji da birai da manyan aku masu ja da shuɗi, da wani ƙaton karen ruwa da tsawonsa ya kusa na mutum. Ba su harbi, ba su kamawa, magana ma da raɗa suke yi. Rana ta yi su koma masauki hannu rabbana, kuma ki ga suna ta murna kamar an yi musu bushara. Na taɓa ba da wannan labari a wani gidan suna, sai wata dattijuwa ta taɓe baki ta ce, "Ƙoshi ne 'yar nan. Wanda ya ƙoshi shi ke kallon tsuntsu, mai jin yunwa fige shi yake yi." Aka kwashe da dariya. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, kuma zan dawo kanta, amma ni ban yarda ta ƙare zancen ba.

Ba sai an je Peru ba, mu ma muna da irin wannan wuri a nan kusa, sai dai yawancinmu ba mu sani ba. Mu da muka tashi a Tsanyawa ba mu san ruwa ba sai na rijiya da na kududdufi, in an yi nisa a ce dam ɗin Watari can wajen Bagwai. Ƙasarmu gona ce ta haɗu da gona, tun daga bakin titin Katsina har inda ido ya tsaya, gero da dawa da gyaɗa da wake, sai gawo da kuka da ɗorawa tsilli-tsilli a tsakiyar gonaki. Babu daji. Burtalin da aka bar wa shanu ma kullum ana yankarsa. Amma in kin yi gabas, kin wuce Haɗeja, wadda har zuwa 1991 a cikin jihar Kano take, sai ki tarar da wata duniya daban. Kogin Kano da na Challawa in sun haɗu su ne suke zama kogin Haɗeja, shi kuma in ya isa can sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan yashi, ya rasa hanya ɗaya da zai bi, ya rarrabu ya bazu. Kogin Jama'are ma ya zo ya yi haka, kafin abin da ya rage ya tattaru ya zama Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Wannan ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. A cikinta akwai Baturiya ta ƙasar Kirikasamma a Jigawa, akwai Dagona ta ƙasar Bade a Yobe, wadda har Yarima Filib mijin Sarauniyar Ingila ya taka takanas ya zo ganin tsuntsayenta a 1989, akwai kuma tafkin Nguru. A shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru a jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye su, bisa wata yarjejeniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma shi ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga. Baturiya da Dagona sun biyo baya a 2008.

Ni dalilin zuwana can ba tsuntsu ba ne. Yayata ce take aure a Nguru, na je mata wankan jego da sanyin hunturu. Da muka yi arba'in ina shirin dawowa sai mijinta ya ce bai kamata baƙuwa ta tafi ba ta ga ruwa ba, gani ya kori ji. Da asuba muka fita, ni da shi da babban ɗansu, muka sami wani dattijo masunci da ya sani, muka shiga jirginsa. Ke dai bari, ƙafata har rawa take yi, don ban taɓa hawa abin da babu ƙasa a ƙarƙashinsa ba.

Da farko hazo ne kawai, ba a ganin komai, sai ƙarar ruwa a jikin katako in ya cira gorar da yake tunkuɗa jirgin da ita. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin ciyawa doguwa da ta fi mutum tsawo. Can sai hanyar ta buɗe, ga ruwa fetal, ganyen bado ya rufe gefe guda da fararen furanni. Dattijon ya ɗaga gorarsa ya ɗora a kan jirgin ya ce mu yi shiru. Sai na fara jin fito, siriri, daga ko'ina, kamar yara ɗari suna kiran juna. Kirinjijiya ce. Suna nan a bakin ruwa tsaitsaye, fuskokinsu farare, wuya a miƙe, duk sun juyo suna kallonmu, har na rasa mu da su waye ɗan kallo. Ga dinya manya baƙaƙe can nesa suna kiwo kamar tumaki. Ga zalɓe tsaye da ƙafa cikin ruwa ko motsi ba ya yi, sai ki rantse itace ne, har sai da ya cake wani ɗan kifi. Ga wani ɗan tsuntsu ja-ja mai dogayen yatsu yana tafiya a kan ganyen bado hankalinsa kwance, ganyen na lotsawa yana ɗagowa, shi ko a jikinsa. Ban san abin da ya firgita su ba, sai kawai ruwan ya tashi sama gaba ɗaya, dubbai, fukafukai suna kaɗawa kamar ana sheƙa hatsi a masussuka, suka yi gewaye biyu suka sake sauka. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Mijin Yaya ya nuna mini wasu ƙananan agwagi masu farin layi a kan ido, waɗanda ba su fi tattabara da wani yawa ba. Ya ce waɗannan baƙi ne, daga Turai da Rasha suke. Can suke ƙwai, kafin sanyi ya daskarar da ruwansu sai su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka nan bayan damina, su koma kafin bazara ta yi nisa. Na dubi 'yar halittar nan da ba ta cika tukunyar miya ba, na tuna ni daga Tsanyawa zuwa Nguru a mota sai da na kwana biyu ina gasa baya.

Ɗan Yaya kuwa abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kai! Ina ma na zo da danƙona." Ban ga laifinsa ba, haka muka tarbiyyantar da idonsa. Idonmu ya saba in ya ga abu sai ya yi masa kuɗi. Ki duba yadda muke zuwa ganin ɗakin amarya. Baki yana cewa masha Allah, ido yana ƙirga kwanuka, yana auna gado da kujeru, yana lissafin nawa aka kashe, zuciya kuma tana gwadawa da namu. Haka a wajen ganin lefe. Sau nawa mace ta dawo daga irin wannan kallo ta kasa cin tuwon dare, ta tsiri fushi da maigida bai san hawa ba bai san sauka ba? Kallo ne da ake komawa gida da shi, amma abin da aka ƙunso wuta ce. A kan ruwan nan kuwa na yi awa biyu ina kallon abin da ya fi kowane lefe kyau, ban ji ina son ya zama nawa ba, ban kuma ji haushin wani ya fi ni ba, tun da ba na kowa ba ne. Na daɗe rabon da zuciyata ta huta irin wannan hutu. Ni a ganina wannan kaɗai ma ya isa a kira shi amfani, ko da ba ya shiga mudu.

Kuma son mallaka ba zuciyar mai shi kaɗai yake ci ba, har abin da ake so yana cinyewa. Na tambayi dattijon, "Baba, ina gauraka? Na ji ana cewa a irin nan take." Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, sai dai ki neme ta a gidajen masu kuɗi. Muna yara garke-garke suke sauka, in suna kuka ba ka jin maganar na kusa da kai. Yau an yi shekaru ban sa ta a idona ba." Gauraka, mai tukkun nan kamar zinare, ba ƙiyayya ce ta ƙarar da ita ba. Kyanta ne ya ja mata. Kowane mai hali yana son a ce akwai ta a tsakar gidansa tana taku, sai masu tarko suka yi ta kamowa ana sayarwa, ga kuma wuraren da take ƙwai suna ta bushewa. A gida kuwa da wuya ta hayayyafa, sai ta tsufa ta mutu a sake sayo wata. Mu mata ai bai kamata a yi mana dogon bayani a kan irin wannan so ba, wanda in ya ga abu mai kyau ba ya samun sukuni sai ya karya masa fiffike ya ajiye a bayan katanga. Amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu bari mu koma ga maganar dattijuwar nan ta gidan suna, domin masuncin ma ya faɗi kusan irinta, kuma shi a bakinsa ta fi nauyi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da na ce masa lallai kun ji daɗi da kuke zaune a irin wannan wuri, sai ya yi wata dariya ya nuna ciyawar da muka ratso. Ya ce, "Kin ga wannan? Kacala ke nan. Inda kike gani ɗin nan gonar shinkafar mahaifina ce a da. Ta cinye gona, ta toshe hanyar jirgi, ta hana mu jefa taru. A cikinta jan-baki yake kwana, in ya tashi da safe ya sauka a gonar mutum, kafin azahar an gama da shi. Ku kuna zuwa ku ce tsuntsu gwanin sha'awa. Mu akwai tsuntsun da in mun gan shi salati muke yi." Na yi shiru, don ba ni da ta cewa. Wanda 'ya'yansa suke wuni a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu don korar jan-baki, har wani lokaci sai gwamnati ta turo jirgin sama ya yi feshi, ba ka zo masa da wa'azin tausayin tsuntsu ba. Haka wanda aka ce masa daga yau wannan tafki na gwamnati ne, kada ka yi farauta, kada ka sari itace, alhali kakansa a nan ya ci ya sha, sannan ya ga baƙo ya zo da madubin hangen nesa an buɗe masa hanya. Dole ransa ya sosu. Kallon da baƙo yake yi kyauta, sau da yawa talakan wurin ne yake biya.

To amma daga ina kacalar ta fito? A nan ne zancen ya biyo ta ƙofar gidanmu. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, aka gama a 1974, sannan aka gama na Challawa a 1992. Kafin nan kogin yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya share hanyarsa, ya shayar da fadama, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe a shuka. A shekarun da ruwa ya yi kyau fadamar takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Bayan dam-dam ɗin, ga kuma farin shekarun 1970 da na 1980, sai ya zama a shekaru da dama ko rabin haka ba ta kaiwa. Bugu da ƙari ruwan da ake saki ya koma ɗan kaɗan-kaɗan rani da damina, ba shi da ƙarfin share yashi, ba ya kuma barin ƙasa ta bushe, kuma abin da kacala take so ke nan. Sai wani yanki ya nutse shekara da shekaru, wani yankin kuma ya rasa ko ɗigo. Ruwan da aka tare kuwa ina ya tafi? Shi ne a famfunan birnin Kano, shi ne a gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatirin da kike markaɗawa da rani, da shinkafar da kike tsincewa, akwai rabon masuncin nan a ciki, akwai na kirinjijiya. Ban ce a rushe Tiga ba, miliyoyin mutane suna ci daga gare shi, mu ma muna ciki. Amma tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka zauna suka yi lissafi, suka ga ruwan da aka bari ya malala fadama, abin da yake haifarwa na noma da kifi da itace ya fi abin da yake haifarwa a noman rani na sama nesa ba kusa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Masunci da tsuntsun ruwa ba abokan gaba ba ne, tukunyarsu ɗaya. Inda dinya ta daina sauka, tarwaɗa da karfasa ma sun yi ƙaranci, saniyar Bafulatani ta rasa ciyawar rani. Kuma cikin waɗanda suka fara ɗaga murya cewa fadamar nan tana mutuwa akwai 'yan kallon nan da muke yi wa dariya. A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, tsuntsaye ne suka jawo hankalin masu shi tun farko, suna shiga jirgi da hunturu suna ƙirga su, amma ba a daɗe ba aikin ya koma maganar rabon ruwa da manoma da masunta, saboda sun ga ba yadda za a yi a ceci ɗaya a bar ɗaya. Wanda yake kallon abu kullum shi ne yake fara ganin ya ragu. Mai ci ba ya lura sai ranar da ya miƙa hannu ya ji wayam.

In kina son shaida ba sai kin je Nguru ba. Yaushe rabonki da ganin ungulu? Muna yara a kowace mahauta suna nan jingim, a kan kuka, a bayan kasuwa, har korarsu ake yi da dutse. Ba mai kallonta don ba ta da kyau, ba mai cinta, sai muka ɗauka tana nan har abada. Masu neman kanta da sassan jikinta don tsibbu suka yi ta kamawa, guba ta kashe wasu, manyan itatuwan da take sheƙa aka sare. A 2015 masu lura da halittu na duniya suka saka irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda suke gab da ƙarewa. Ta tafi ba wanda ya yi mata rakiya, ba wanda zai ce ga shekarar da ta tafi. Yau mushe sai ya kwana uku a bayan gari yana wari, aikin da take yi mana kyauta. 'Ya'yanmu suna ji ana cewa ungulu ba ta jewar banza, ko ungulu ta koma gidanta na tsamiya, amma in kin ce su kwatanta ta sai su tsaya suna kallonki.

Saboda haka ni ban yarda kallon tsuntsu na ƙosassu ne kawai ba, kuma ban yarda baƙon abu ne da Turawa suka kawo ba. Kakanninmu da ba su taɓa ƙoshin da za a yi magana ba suna da nasu. Wa ya taɓa ganin an yanka shamuwa a garinmu? Tana zuwa gab da faɗuwar damina, daga can kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan itacen tsakiyar gari, a saman kawunan mutane, ta ɓata ƙasa da kashi, ba mai jifanta. Tsofaffi in sun hango ta sai su ce a gyara garma a fito da iri. Tana cin fara a gona, amma ba don an yi wannan lissafi aka ƙyale ta ba, baƙuwa ce kawai da ake jin kunyarta. Haka balbela in sun jero da yamma, mukan ɗaga musu farce muna tsalle muna roƙon su ba mu fari. Me muka ci a ciki? Ba komai, amma har yau in na ga sun wuce sai na ji bakina yana motsi.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa take sauka tun ina goye. Shekaru biyu ke nan ana ja-in-ja a kanta. Itace ya yi tsada, kowace mace a unguwar ta san nawa take kashewa kafin tukunya ta tafasa, ni ma na sani, kuma magada suna son a sare a raba kuɗin. Surukata ce ta tsaya kai da fata ta ce muddin tana numfashi ba mai sa mata gatari, aka dai lallaɓa aka rage rassa biyu na gefen gabas da rani, lokacin da masu gidan ba sa nan. Tun da na dawo daga Nguru nake ƙirga sheƙunan in na fita shanya. Bara bakwai ne. Bana huɗu na gani, sai wata guda da aka fara aka bari.